Baƙin Amai a Ɗakin Takaba

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda sai kun yi gardama a kanta.

A wani ƙauye can bayan Malumfashi akwai wata dattijuwa, Inna Yaha, mai ciwon suga. Shekara da shekaru mijinta ne ke sayo mata allurar insulin, shi ke yi mata da hannunsa. Da Allah ya karɓi ransa ta shiga takaba, allura ta ƙare, ita kuwa kunya ta hana ta buɗe baki. A ganinta wadda ke zaman makokin miji ba ta tayar da mutane don jikinta. Masu gaisuwa kuwa kowa da kwanon kunu ko kwalbar lemo, ba ta iya mayar da hannun kowa. Ƙishirwa ta yi ta cin ta, jiki ya yi ta zubewa, har ranar da ta yi amai baƙi ƙirin kamar an jiƙa gawayi.

'Ya'yanta uku ne: Lantana, Tukur da auta Saratu.

Lantana ce 'yar fari, wadda Inna Yaha ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kara. Da ta sunkuya kan uwar ta ji numfashinta na warin ruɓaɓɓen mangwaro, irin warin da ta ji a bakin surukarta kafin ta cika. Ta ce asibiti. Ƙanin marigayi ya tare ƙofa ya ce mai takaba ba ta fita, a kawo rubutu.

"Baffa, da girmanka," in ji Lantana, "an ce ta zauna a ɗaki, ba a ce ta mutu a ciki ba."

Ta tafi da ƙafarta ta ɗauko liman, ya ce lalura ta halatta fita. Baffa ya kauce, amma har yau ba ya amsa gaisuwarta.

Damina ce, rafi ya cinye hanya, mota ba ta shigowa. Tukur ya goya uwarsa da zanenta na takaba ya shiga ruwa har ƙirji. Tana jin bugun zuciyarsa ta bayansa, tana jin yana cewa, "Riƙe ni, Inna, ai ba ki kai buhun gero nauyi ba." A babban asibiti aka ce baƙin aman nan jini ne, ta zubar da shi da yawa, sai an ƙara mata. Nasa kaɗai ya dace. Ya miƙa hannu ko bushewa bai yi ba.

Likitoci suka zura wata siririyar na'ura mai ido ta bakinta, suka ga hanyar da abinci ke bi zuwa ciki ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Suka ce hawan suga ne ya ƙafe ruwan jikinta, jini ya daina isa wurin, ruwan ciki mai zafi ya taso ya ƙona shi. Naman ya yi laushi, abu kaɗan zai huda shi. Don haka ko ɗigon ruwa kada ya bi ta bakinta, komai ta jijiya za a ba ta.

Nan Saratu ta shimfiɗa tabarma a bakin gado. Goggonni suka zo da kunu, da zuma, da zamzam a 'yar kwalba, duk ta karɓa ta yi godiya ta tura ƙarƙashin gado. Aka ce mata marar imani. Wannan bai dame ta ba kamar muryar uwar.

"Auta, ni da na shayar da ke? Cokali ɗaya."

"Inna, ki yafe mini."

"Ba zan yafe ba."

Saratu ta jiƙa auduga ta shafa mata a leɓe, ta juya fuska ga bango. Haka suka yi ta yi, har ranar da likita ya sake dubawa ya ce baƙin ya saki, sabon nama ya fito. Kurɓin farko da hannun Saratu ta sha shi.

Allah ya tashi kafaɗunta. Takaba ta ƙare, gida ya shiga rabon gado, likita kuma ya ce kada ta ƙara zama ba mai yi mata allura. Kowanne cikin ukun ya share ɗaki ya zo ya durƙusa yana roƙo, don kowa na son a ce a gidansa albarkar uwa ta sauka. Inna Yaha ta ɗauki carbi tana ja. Ta san wanda duk ta zaɓa, ta gaya wa sauran biyun cewa nasu bai kai ba.

To, ku da kuka ji: Lantana da ta fitar da ita, Tukur da ya kai ta ya ba ta jininsa, ko Saratu da ta hana ta ruwa? Gidan wa ya fi cancanta ta koma?