Jirgin Da Ya Manta Hanyar Gida

Akwai wani mutum, manomin masara, wanda ba shi da abin sha'awa bayan aikin gona sai ƙera ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake sarrafawa daga ƙasa. Shekara biyu ya yi yana haɗa guda ɗaya. A cikinsa ya sa wata na'ura da ake kira GPS, mai sauraron taurarin ɗan'adam, ita ce ke gaya wa jirgin inda yake da kuma hanyar komawa gida.

Wannan na'ura ba ta shan wuta kai tsaye daga batir. Akwai wani ɗan abu a tsakaninsu mai daidaita wutar, kamar sitabilaizar da muke sa wa firij. Halinsa ɗaya ne: sai ƙarfin wutar da ke shigo masa ya ɗan fi wanda yake bayarwa. In ya yi ƙasa da haka, sai ya kasa.

Mutumin ya so jirginsa ya fi na kowa gudu, sai ya sa masa babban inji a kan batirin da yake da shi tun farko. Maƙwabcinsa Baba Istifanus, tsohon mai gyaran rediyo, ya duba ya ce, "Ɗana, ka bar wa ƙaramin abin nan rara. In injin ya ja da ƙarfi, shi zai fara jin yunwa."

"Baba, ai na gwada," in ji manomin. "Ga koriyar fitila tana ci."

Gaskiya ne ya gwada, amma a kan tebur, inji a kashe.

Ran Asabar ya kai jirgin bakin gona ya sake shi. Ya tashi gwanin kyau. Can sama iska ta tare shi, injin ya ja wuta da dukan ƙarfinsa, batir ya ɗan sauka kaɗan kawai. Nan take na'urar nan ta mutu. Mutumin ya danna maɓallin da ke kiran jirgin gida, ya sake dannawa. Farfela tana juyawa, inji yana ruri, amma jirgin bai san inda gida yake ba. Ya haye rafi, ya ɓace masa. Mutumin ya tsaya a wurin har ƙafarsa ta gaji, zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai.

Bayan kwana uku aka tsinto shi a gonar dawa, fukafukai a karye. Baba Istifanus ya auna batirin, sa'an nan ya ce, "Da sauran wuta a ciki, fiye da rabi."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Batirin shi ne ƙarfin da Allah ya ba mu kowace rana. Injin kuwa ayyukanmu ne, gona da kasuwa da ofis, har da hidimar ikkilisiya. Ƙaramar na'urar ita ce zuciyar da ke sauraron Ubangiji. Ba ta cin abu mai yawa, amma ba ta rayuwa da ragowa. Yawancinmu muna gwada ta ran Lahadi, inji a kashe, mu ga fitila tana ci mu ce lafiya lau. Ni ma na sha yin haka, ina kuwa jin kunya. Ran da iska ta taso, addu'a ce ke fara mutuwa, ba wanda ya lura, domin inji yana ta ƙara.

Ka rage wa injinka wani abu a wannan mako, ka bar wa sauraro rara. Mutumin nan ya kira jirginsa gida har sau biyu. Jirgin yana da ƙarfin dawowa, hanya ce bai sani ba.