Tarwaɗar Rijiyar Gidan Korau

An ce a Gidan Korau akwai wani dattijon ikkilisiya, Habila, wanda kula da rijiyar majami'a ke hannunsa. Da rigima ta raba masu bi gida biyu, yayarsa Tabita ta bi waɗanda suka koma sujada a gindin tsamiya. Habila ya ji zafin abin har cikin ransa. Ya sa aka yi wa rijiya murfi, ya garƙama kwaɗo. Tabita, da tsufanta da ciwon gwiwa, ta koma ɗebo ruwa a rafi mai nisa. Nasa mutanen ma suka gaji da neman makulli a wurinsa, suka bi ta rafi.

Da taron farkawa ya matso, aka ba Habila wa'azi a kan rijiyoyin da ke cikin nassi. Ya sa aka shafe bakin rijiya da farar ƙasa, ta yi fes, ya zura guga don ya ɗebi ruwan da zai nuna wa jama'a. Guga ya fito da baƙin ruwa mai wari, da tsohuwar tarwaɗar da iyayensa suka saka don ta cinye ƙwari.

Tarwaɗa ta ce, "Sannu da aikin Ubangiji, Dattijo. Na ji ana shafe mana baki daga waje, mun gode. Ka tuna mini da Jatau."

Habila ya toshe hanci ya ce, "Wane Jatau?"

Ta ce, "Saurara. A wani gari an yi manomi Jatau, mai rijiyar da ba ta ƙafewa. Wata rana maƙwabta suka ƙi gaishe shi yadda yake so, sai ya rufe ta. To, rijiya sai ana ɗiba take sabunta ruwanta. Da aka daina, ta ruɓe. Jatau ya kira wani mai bishara ya ce ya zo ya yi addu'a, magabta sun yi masa asiri. Mai bishara ya leƙa, ya shaƙa, ya ce, 'Kafin addu'a, bari in ba ka labarin Ishaku.

"'Ishaku ya gaji rijiyoyin ubansa. Masu hassada suka bi su suka cike da ƙasa. Bai tsaya zagi ba, ya sake tonawa. Suka zo suka ce tasu ce, ya bar musu, ya tona wata. Haka ya yi ta yi har Allah ya ba shi wadda ba mai jayayya a kanta, kuma masu korarsa suka zo suka ci abinci a gidansa. Shi dai sai da magabta suka sha wahalar ɗaukar ƙasa. Kai kuwa, Jatau, mutumin kirki ne, ka hutar da naka.'"

Habila ya ce, "To, Jatau ya buɗe?"

"Ina! Ya kori mai bishara, ya ci gaba da shan ruwansa shi kaɗai, yana cewa ɗacin alamar tsarki ne. Wajen jana'izarsa kowa ya yaba yadda ya iya tsare kayansa. Yanzu mayar da ni, Dattijo, kar ka makara. Jama'a na jiran ka faɗa musu yadda ake sabunta zuciya."

Habila ya tsaya da guga a hannu. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro. Can ya hango Tabita tana tahowa daga rafi da tulu a ka, tana ɗingishi. Ya jefar da kwaɗo, ya tare ta.

"Yaya, rijiya a buɗe take. Ki zo ki ɗiba."

Ta sauke tulu, ta leƙa, ta yamutsa fuska. "Wannan za ka ba ni? Ko jakina ba zai sha ba. Sai an yashe ta, kuma wanda ya rufe shi zai shiga."

"Wa'azina fa, Yaya?"

"Zai jira."

Habila ya ce, "Gaskiya ne." Ya tuɓe babbar rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu. Ya duba ko'ina, ba mai riƙe masa, duk suna majami'a suna waƙa. Tabita ta miƙa hannu.

"Kawo nan. Sauka a hankali, ƙanena."