Buhunan Dawa a Ɗakin Destiny

An yi wani mutum a nan ƙasar Zuru, tsohon soja ne da ya ajiye kaki ya koma gona. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi.

Ya 'yan uwa, kun san abin da muke yi idan ruwa ya ɗauke. Kafin sanyi ya shigo, ana fitar da katifu da tabarmi a shanya, a kankare fumfunar da damina ta bari a bango, a toshe ramukan ɓeraye. Maigida kuma ya hau rumbu, ya kwashe ragowar tsohon hatsi, ya share, ya yaɓe inda ya tsage, ya sa sabon jinka. Sannan sabuwar dawa ta shiga.

Mutumin nan ya ce shi ya wuce wannan. Matarsa Keziah ta yi nata, ta wanke, ta share, ta shanya. Rumbu ne ba ta iya hawa, ga ciki wata bakwai. Ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Baban Destiny, rumbun ga ya tsage, ɓeraye na shiga. Ina za mu sa dawa?"

"Shekara ashirin da biyu na yi a soja," in ji shi. "Ke za ki koya mani ajiyar hatsi?"

Ya tada babur ya tafi wajen burkutu. Maƙwabcinsa Haggai ya zo har gida ya ce a kwaɓa ƙasa su yi aikin tare. Ya kore shi, wai shi ba gajiyayye ba ne.

Dawa ta zo gida. Ya zuba ta a tsofaffin buhunan bara, ko kakkaɓe su bai yi ba. Rumbu ba ya shiguwa, sai ya jibge buhu goma sha huɗu a ɗakin 'yarsa Destiny, yarinya 'yar shekara bakwai wadda tari ke damunta duk lokacin sanyi. Ku ji fa! Ɗakin da uwa ta durƙusa da tsohon ciki ta goge, shi ya mayar rumbu.

Ba a yi wata guda ba ƙwari suka tashi a cikin dawar. Daga ina za su fito in ba daga buhunan da ya ƙi kakkaɓewa ba? Ya je kasuwa ya sayo ƙwayoyin nan masu hayaƙin guba da ake sa wa hatsi. Mai sayarwa ya ja masa kunne.

"Oga, wanga magani ba a sa shi inda mutum ka kwana."

Ya yi tsaki. Ranar da Keziah ta tafi zumuntar mata a coci, ya cusa ƙwayoyin a cikin buhunan, ya toshe taga da tsumma don maganin ya kama sosai. Bai gaya wa kowa ba, don kada a ce masa ai an faɗa.

Kashegari Destiny ta tashi da ciwon kai da amai. Keziah ta ce tana jin wari a ɗakin kamar na ruɓaɓɓen kifi. Ya ce mushen ɓera ne. Alhali ya san ko mene ne. Amma in ya faɗa, matarsa ta yi gaskiya ke nan, Haggai ya yi gaskiya, har mai sayar da maganin ya yi gaskiya. Wannan ne ya kasa haɗiyewa. Ya ce a ransa warin zai wuce zuwa gobe.

Da rana yarinyar ta rarrafo tsakar gida ta kwanta a ƙasa, ta ce ƙirjinta ya ɗan saki. Ya dube ta ya ce zazzaɓi ne, iska za ta ƙara mata. Da hannunsa ya ɗauke ta, ya mayar da ita ɗakin, ya lulluɓe ta da bargo, ya ja ƙofa.

Da hannunsa, 'yan uwa. Cikin fushi nake faɗin wannan.

Da aka kai ta asibiti washegari, numfashinta ya riga ya yi nisa. Likita ya tambaya ko ta sha wani abu, ko ta shaƙi wani abu. A nan ne bakin tsohon soja ya buɗe. Kafin azahar yarinyar ta cika.

Keziah ba ta yi kururuwa ba. Bayan an rufe 'yarta, ta tsaya a gabansa, a gaban dangi.

"Lokacin da ka maida ta ɗaki, ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

Ta haɗa kayanta ta koma gidan iyayenta a Mahuta. Can ta haihu, kuma har yau bai ɗauki jaririn ba.

Kada wani ya ce mini tsautsayi ne. Lalaci ne ya hana shi hawa rumbu, girman kai ya hana shi jin magana, kunyar a ce ya yi kuskure ta rufe masa baki har 'yarsa ta mutu. Ku maza da ke zaune kuna kallona, nawa ne cikinku suka bar gyaran gida wa mata suna cewa ƙaramin abu ne? Wa ke kwana kusa da buhunanku? Ga kaka ta yi, sanyi yana tafe. Ku share, ku yaɓe, ku raba hatsi da makwanci. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku buɗe baki tun wanda za a ceta yana numfashi.

Ubangiji Allah ya kiyaye mu da taurin kai, ya kiyaye 'ya'yanmu daga hannun iyayensu. Amin.