Nomau da Linzamin Surukinsa

Ku matso kusa da wuta, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku, daga makiyaya ta taso.

"Ta iso mu ji ta, Kaka!"

Wani mutum aka yi, sunansa Nomau. Ba shi da mugun hali, sai dai Allah ya zuba masa tambaya. In ya ga zabuwa sai ya tsaya yana neman wanda ya yi mata zane. In ya ga rijiya sai ya leƙa, wai yana so ya san inda ruwa yake fitowa. Matarsa Hakama har ta gaji, da ya buɗe baki sai ta ce, "Malam, ci tuwonka tukuna." Kamar dai wannan angon nawa da ya zauna yana zare mini ido.

Ran nan aka aiko masa ƙanwarsa ta haihu a wani gari mai nisa. Ga suna ya matso, shi kuwa ko jaki ba shi da shi. Hakama ta je gidansu ta aro masa goɗiyar mahaifinta, tsoho Jatau. Kun dai san sha'anin suruki. Nomau ko sunan tsohon ba ya faɗa, in ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa.

Tsoho ya ɗaura sirdi da hannunsa, ya ɗauko linzami, ƙarfen nan da ake sa wa doki a baki, mai igiyar jar fata. Ya ce, "Linzamin nan na mahaifina ne, da shi ya shigo garin nan. Ka dawo mini da shi yadda na ba ka."

Nomau ya ce, "In Allah ya yarda, Baba." Ko kai bai ɗaga ba.

Aka sha suna lafiya, aka cika masa jaka da soyayyen naman rago da waina. A hanyar dawowa rana ta take, ya iso wata makiyaya, ciyawa har ƙugu, ga tafki can gefe. Ya sauka, ya zare linzami don goɗiya ta samu ta yi kiwo, ya rataye shi a reshen kalgo. Ya ɗaure mata ƙafafun gaba da dabaibayi kada ta yi nisa. Ya dama furarsa ya sha, ya miƙe a inuwa. Fura kuwa kun san aikinta.

Da ya farka, ga goɗiya tana figar ciyawa, ga sirdi, ga jaka. Reshen kalgo kuwa wayam.

Ya duba ƙarƙashin kalgo, babu. Ya tattake ciyawa, babu. Ya zazzage jaka, babu. Da wane ido zai ƙara wucewa ta ƙofar gidan surukinsa? Amma Nomau Nomau ne, ko cikin tsoro tambaya ba ta bar shi ba. Ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah! Wane irin ɓarawo ne zai bar doki, ya bar sirdi, ya bar nama, ya ɗauki linzami?"

Ya kwance dabaibayi, ya kama igiyar da ke wuyan goɗiya, ya shiga neman mai labari, tana biye da shi.

Ya tarar da Belbela a tsakiyar shanu. Ya ce, "Sannu, mai farar riga. Ko kin ga wani ya wuce da linzami?"

Belbela ta ce, "Ni idona kullum yana kan ƙafafu, don nan fara take tashi. Tun safe ƙafar ɗan Adam ba ta taka makiyayar nan ba sai taka. Amma na ji ƙarar ƙarfe, kacau-kacau, ya yi wajen tafki."

"Ƙarfe ya yi tafiya ba mutum?"

"Abin da na ji ke nan. Matsa, kana kore mini abinci."

Goɗiya ta kaɗa wutsiya, ta kori ƙuda.

Ya yi gaba, ya tarar da Kurege a bakin raminsa. Ya ce, "Sannu, mai gidan ƙasa. Ko linzami ya wuce ta nan?"

Kurege ya ce, "Ya wuce mana, igiyarsa ma ta share mini ƙofar gida. Abin da ke ɗauke da shi ƙafa huɗu gare shi, amma na gaban tare suke tashi, yana tsalle kamar kwaɗo."

"Kansa fa, yaya yake?"

"Wa zai tsaya kallon kai? Rami na faɗa."

Goɗiya ta kaɗa wutsiya, ta kori ƙuda.

Nomau ya tsaya yana juya maganar. Dabba mai ƙafa huɗu, mai tsallen kwaɗo, mai sha'awar linzami! Ya lissafa kura, ya lissafa dila, har da aljani, ba wanda ya dace.

"Kaka, ai ita ce..."

Yi shiru, Ladidi. Ke kin gane, shi bai gane ba.

Ya zaga tafki bai ga komai ba, ya dawo gindin kalgo ya zauna. Da ya ɗaga kai sai ga Gizo ya baza saƙarsa a kan reshen nan da aka rataye linzami. Nomau ya miƙe zumbur. "Gizo! Ai a ƙofar gidanka aka yi abin!"

Gizo ya ce, "A kan idona kuwa. Sai dai yunwa ta riƙe mini harshe."

Nomau ya ba shi nama. Gizo ya cinye, ya lashe hannu, ya ce, "Wanda ya ɗauka ba baƙo ba ne."

"Wane ne?"

"Nama ba ya tafiya shi kaɗai."

Ya ba shi waina. Gizo ya haɗiye, ya ce, "Da baki ya ɗauka, ba da hannu ba."

"Don Allah, wane ne?"

"Rana tana dukan kaina, tunani ya ƙi zuwa."

Nomau ya cire hularsa ya miƙa. Gizo ya shige ciki ya gyara zama, sannan ya leƙo ya ce, "Tun ɗazu kake jan ɓarawonka da igiya a bayanka." Ya ja hula ya haye can ƙololuwa yana ƙyaƙyata dariya.

Nomau ya waiwaya a hankali. Goɗiya ta daina kaɗa wutsiya. Sai a lokacin ya tuna yadda doki mai dabaibayi yake tafiya.

Ya ce, "Goɗiya, ke ce?"

Ta ce, "Ni ce. Ka tambayi tsuntsuwa, ka tambayi na rami, ka ciyar da Gizo har da hula. Ni da ake cusa wa ƙarfen a baki, ba ka ce mini uffan ba."

"To, me ya sa kika yi haka?"

"Buɗe bakina ka gani."

Ya buɗe. Wayyo, jikokina, harshenta duk ya yayyage, ga tsohon miki, ga sabo yana tsattsafar da jini. Tausayi ya kama Nomau har idonsa ya cicciko, don shi ma ya ja linzamin nan yau, ya kuma ja da ƙarfi.

Goɗiya ta ce, "Ƙarfen ya tsufa, ya tsage, ya fitar da tsini kamar ƙaya. Maigidana yana sona, da hannunsa yake ba ni dusa da kanwa. Amma idonsa ya yi rauni. In na girgiza kai sai ya ce taurin kai ne, ya ƙara ja."

"Me ya hana ki faɗa masa?"

"Mu dabbobi ba ma magana sai an tambaye mu. Shi kuwa bai taɓa tambaya ba."

Ta kai shi bakin tafki, ta tona laka da kofato, sai ga linzami. Ta ce, "Ga shi nan. In za ka sa mini, sa."

Nomau ya wanke shi, tsinin ya soke shi a yatsa. Ya dubi ƙarfe, ya dubi goɗiya, sai ya rataya linzami a kafaɗa, ya kama igiya, ya nufi gida a ƙasa. Yana tafe yana tunani. Linzami dai an samu. Amma wa ya taɓa jin mijin 'ya ya dubi surukinsa ya ce, gadon ubanka ya lalace? In kuma ya yi shiru, gobe ƙarfen nan zai koma bakinta.

Rana ta yi sanyi ya iso. Tsoho Jatau na zaune a kan buzu a ƙofar zaure. Nomau ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

Tsoho ya ce, "Lafiya? Ga doki kana tafiya a ƙasa, kai ba hula?"

Nomau ya rarrafa ya ajiye linzami a gaban tsoho, idonsa a ƙasa, ya nuna tsinin da yatsa. Ya ce, "Baba, a gafarce ni, tambaya gare ni. Nan wajen, da haka maƙeri ya ƙera shi?"

Tsoho ya bi ƙarfen da babban yatsa, sai ya janye hannu da sauri. Ya tashi da kyar, ya je ya buɗe bakin goɗiya, ya kai fuskarsa kusa-kusa. Ya daɗe a tsaye. Can ya ce, "'Yar nan, tun yaushe?"

Goɗiya ta ce, "Tun bara, maigida."

Tsoho ya rungume wuyanta, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ni kuwa ina cewa tsufa ne ya sa kike barin dusa."

Ya ɗauki linzamin ya rataye shi a bangon zaure, bai ƙara shiga bakin wata dabba ba. Sannan ya cire hular kansa ya ɗora wa Nomau, ya ce, "Ɗana, daga yau in kana da tambaya, ka ɗaga kai ka yi mini ita."

To, kun ji. Tambaya abu ne mai kyau, amma kafin ku tafi nesa neman labari, ku fara tambayar wanda ke kusa da ku, wanda abin yake ci. Wani shirunsa ba lafiya ba ce, jira yake a ce masa, "Me ke damunka?"

Ƙungurus kan ɗan kusu, ya tsere da sauran wainar Gizo. Ku tashi ku wanke ƙafa.