Makullin Ɗakin Malam Jatau

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau sai kun yi mini alƙalanci.

A wata jami'a akwai ɗakin bincike da marigayi Malam Jatau ya kafa. Aikin ɗakin ɗaya ne. Ana fesa iska ta wata 'yar kafa cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta ƙaf, sai ƙwayoyin zarra su yi sanyi su manne da juna kamar curin fura. A haske curin da lesa, wani siririn haske mai ƙarfi, ya fizge masa ƙwayar lantarki, curin ya sheƙa cikin bututu. Ƙananan curi su riga manya isa ƙarshen bututun, a ga sawunsu a allon kwamfuta. Da Malam ya rasu na'urar ta yi shiru, aka bar ɗalibansa uku da ita, Tanimu da Lantana da Barau.

Sabon shugaban sashe, Farfesa Maikano, ya leƙo yana yatsina. Ya ce, "Wannan aikin Turawa ne, ba namu ba. Ranar da masu duba jami'a za su zo, in ba ku nuna curi ba, ɗakin nan ya zama sito." Lantana ta ce, "Ranka ya daɗe, a nan Malam ya gani da idonsa, mu ma a nan za mu gani. Sito kam a nemi wani wuri." Wallahi maganar nan ta yi mini daɗi.

To, tukunya ta ƙi zuƙuwa, kowa ya ce ta huje. Tanimu ya ce bai yarda ba. Ya kwance ta, sai ga shatin yatsu a ciki. Ashe ranar sadakar bakwai 'yan'uwan Malam sun zo ganin inda ya ƙarar da rayuwarsa, suka yi ta shafa cikinta da hannun da suka ci waina. Maiƙon nan ne ke ta turiri a ciki. Tanimu ya wanke ta lungu-lungu, ya naɗe ta da wayar ɗumama ya gasa har ta bushe, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Tukunya ta zuƙu.

Sai kuma curi ya ƙi haɗuwa. Iskar da Malam ke amfani da ita sai da sanyi mai tsanani, ga na'urar sanyaya ta mutu, ga zafin bazara. Lantana ta tuna iskar da ake ɗura wa lemon kwalba tana curewa ba sai da wannan sanyi ba. Ta yi ta sintiri a kamfanin lemo, a kore ta ta dawo, har suka gaji suka ba ta tulu guda. Ta ɗauko a keke mai ƙafa uku, ta gyara kafar fesawa da hannunta. Curi ya haɗu.

Ranar da baƙi masu duba jami'a suka zo, allo fari fat! Curi na wucewa cikin ƙiftawar ido, lesa na jifan inda tsuntsu ya riga ya tashi. Wani malami ya raɗa wa Barau ya sa tsohon hoton aikin Malam, wa zai gane? Barau ya ce, "Gara a kulle ɗakin da in yi wa Malam ƙarya yana kabari." Ya zauna yana murɗa lokacin harbin lesa kaɗan-kaɗan, gumi na ɗiga, Farfesa na karkaɗa makulli a bayansa. Can sai layuka suka miƙe a allo, ƙanana a gaba, manya a baya. Baƙi suka yi tafi.

Farfesa fa sai borin kunya. Ya jefa makulli a tebur ya ce ɗaki ya tsira, amma mutum ɗaya zai riƙe shi, biyun a tura su wani reshe su koyar. In kuma babu wanda ya ɗauka, sito na nan daram. Su uku suka tsaya cirko-cirko, kowa na tura ɗan'uwansa.

Kai Ɗanliti, kar ka yi saurin cewa Barau, da me zai harba in babu curi? Ke kuma Asabe, in kin ce Lantana, curin a wace tukunya zai haɗu? To, ga makulli a tebur, ga Farfesa na jira. A cikin ukun nan, hannun wa ya fi cancanta ya ɗauka?