Rijiyar da Raƙumi Ya Auna

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo, muna saurare!

Wani kada ya addabi dabbobi a kogi, yana cinye su, sai suka haƙa rijiya. Raƙumi ya ce a ɗaga bakinta ya kai ƙirjinsa.

'Yar Bushiya ta dubi gajerun ƙafafunta, ta ce, "Baba Raƙumi, mu yara fa?"

Ya ce, "Rufe min baki! Manya na magana."

Manya suka sha har da gyatsa. 'Yar Bushiya ta yi ta tsalle, ta kasa kaiwa. Ƙishirwa ta kora yara kogi, har da ɗan Raƙumi.

Kada ya leƙo, ya lashe baki, ya ce, "Sannunku da zuwa. Allah ya saka wa iyayenku da alheri."

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.