Kiran Da Ya Fito Daga Bayan Dutse

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wani mutum ne, Tanimu, aka ba shi aikin ja wa garuruwa wayar intanet. Yana ja, yana ja, har waya ta rage ta wuri ɗaya: ko a ƙara wa babbar kasuwa, ko a kai wani ƙauye mai gida tara a bayan dutse.

Sai ga Iya Hajjo, ungozomar ƙauyen. Ta ce, "Ɗana, in haihuwa ta yi gardama, sai mun yi tafiyar yini kafin mu kira likita."

Sai ga Dila ya matso kusa da Tanimu, ya raɗa masa, "Gida tara kacal? Fasa dutsen nan tsada gare shi. Kai kasuwa, a yaba maka."

Tanimu ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, sai baɗi."

Shekara ta zagayo. Ran nan da tsakar rana wayarsa ta yi ƙara, ba lamba. Muryar Iya Hajjo ta ce, "Ɗana, baɗin ta yi?" Dila ya ce, "Iska ce."

Washegari ta sake kira, da kukan jariri a bayanta. Dila ya ce, "Kyanwa ce."

Rana ta uku, muryoyi uku suka ce, "Muna jira." Dila ya ranta a na kare.

Tanimu ya roƙo sabuwar wayar intanet, ya tsallake dutse. Ya tarar ciyawa ta rufe ƙofofi, ko kaza babu. Ga kaburbura uku, ɗaya ɗan ƙarami.

Wani makiyayi ya ce masa, "Tun bara Hajjo ta faɗi ta rasu a hanyar nemo wa wata mai naƙuda likita. Mai naƙudar da ɗanta suka bi ta. Sauran suka watse."

Sai wayar hannun Tanimu ta sake yin ƙara, ga muryar Iya Hajjo.

"Ka makara, ɗana. Amma bayan wancan dutsen akwai gida shida, da masu ciki biyu."

Tanimu ya saɓa wayar intanet a kafaɗa, ya nufi can.

To yara, in kuna auna tsadar abu, ku auna har da ran wanda zai rasa shi.

Kurunkus, nan ta tsaya.